Kaset Ɗin Malam da Dokar Wata Goma Sha Biyu

Mu da muka yi firamare a Gayam a farkon shekarun 1990, ba za mu manta da rikodar malaminmu na Hausa ba. Da daddare zai kama Rediyon Kaduna, in an saka wasan Samanja ko waƙar Shata sai ya danna, da safe ya kawo mana aji. Batir kuwa karo-karo muke yi mu saya. Sai da muka girma, muka riƙi alli da kanmu, sannan muka san ashe abin nan da malam ke yi akwai doka a kansa.

Koyarwa ta rediyo daɗaɗɗen abu ne a Arewa. Tun kafin 'yancin kai Ma'aikatar Ilmi ta Jihar Arewa ta kafa sashen shirye-shiryen makarantu a Kaduna, kuma da aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962 sai harka ta ƙara faɗi. Daga wannan tushe ne Cibiyar Fasahar Koyarwa ta Ƙasa ta samu a 1977. To amma shiri yana da lokacinsa, aji ma yana da nasa. Da kaset ya wadatu sai malamai suka huta, kowa ya ɗauka ya ajiye.

Dokar haƙƙin mallaka ta farko da ta hau kanmu ta Ingila ce, ta 1911, wadda Turawa suka shimfiɗo mana a 1912. Tamu ta gida ta zo a 1970, sannan doka mai lamba 47 ta 1988 ta maye gurbinta, har aka kafa majalisar kula da haƙƙin mallaka a 1989. Dokar 1988 ta ba gidan rediyo mallakar shirinsa na shekara 50. Duk da haka ta yi wa makarantu sassauci: makarantar da hukuma ta amince da ita tana iya amfani da aikin wani don koyarwa ba tare da neman izni ba. Sai dai da sharaɗi. Duk kwafin da aka yi, in ba a ƙayyade wani wa'adi ba, dole a lalata shi kafin wata 12.

A nan gizo ke saƙar. Mun fahimci hikimar sharaɗin, domin mu ma marubuta ne, mun san zafin ka ga guminka a tiren mai talla. Amma wanda ya tsara shi ya ɗauka cewa tasha tana riƙe da asalin shirin. Alhali tashoshi da yawa, a nan da ƙasashen waje, goge tsohon faifai suke yi su ɗora sabo saboda tsada, wani kuma zafi da ƙura su cinye shi. Saboda haka sau da yawa kaset ɗin da ke cikin adakar malamin ƙauye shi kaɗai ya rage. Da malamanmu sun bi doka sau da ƙafa, da sun ƙone tarihi da hannunsu. Rashin sani ne ya cece mu, kuma ba ma alfahari da hakan.

Ingila ma a 1988 ta sake tata dokar, amma ta bi wata hanya. Ta ce makaranta ta ɗauki shiri kyauta, sai fa in masu haƙƙi sun haɗu sun fito da tsarin lasisi. Nan da nan kuwa suka haɗu, daga 1990 hukumarsu ta ERA ta fara ba da lasisi. Makaranta ta biya kuɗin shekara gwargwadon yawan ɗalibanta, ta ɗauka, ta adana muddin lasisinta na aiki, kuɗin kuma a raba wa tashoshi da marubuta da 'yan wasa da makaɗa. A ganinmu wannan ya fi adalci, ko da yake makarantar da ke bara kafin ta sayi alli ba za a ɗora mata farashin Landan ba.

A 2020, lokacin kullen korona, gwamnatin Kaduna ta koma koyarwa ta rediyo. A ƙasar Birnin Gwari kuwa tun kafin nan 'yan bindigar dajin Kamuku sun rufe makarantu da dama. Darussan nan da waya muka riƙa ɗaukarsu, muna tura wa iyayen yara da suka yi gudun hijira, ba wanda ya tambayi wa'adi. A watan Maris na 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta soke ta 1988. Kaset ɗin malaminmu guda 14 suna nan a hannun iyalinsa, mun kuma fara juye su cikin kwamfuta, biyu sun riga sun tsinke.