RIGIMAR MANHAJOJI DA MAKOMAR ƘUGIYA: WAIWAYE DAGA KABARA



Kwanakin baya muna zaune a majalisarmu ta bayan la'asar a Kabara sai musun nan da ba ya tsufa ya tashi: Android ko iPhone, wacce ta fi? Daga nan aka gangara kan WPS da Word, masu kwamfuta kuma suka ɗauko Windows da Linux. Ana cikin haka wani dattijo da ya yi rubutu a zamanin da littattafan Kasuwar Kano ke tashe ya miƙo mana filashi, ya ce: "Yarana, ga littafina da aka buga mini a kwamfuta tun kafin a haifi wasunku. Ku buɗe mini shi a wadda ta fi ɗin." Muka buɗe a kwamfuta, muka tura a waya, muka gwada a wata wayar. Ko'ina abu ɗaya muke gani: "qasa" a gurbin ƙasa, "xaya" a gurbin ɗaya, "vata" a gurbin ɓata. Majalisa ta yi tsit. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu waiwayi tarihin wannan musu, mu duba inda ya shafe mu a matsayinmu na masu rubutu da Hausa.

Musun ya girme mu. Tun a shekarun 1980 masu kwamfuta a Amurka suka rabu gida biyu, masu Apple da masu bin manhajar Microsoft. A 1991 wani ɗalibi a Finlan, Linus Torvalds, ya fito da Linux, uwar manhaja ta kyauta wadda kowa ke da damar leƙa cikinta ya gyara, sai gida ya zama uku. Da intanet ta bazu kuma aka buɗe sabon fage, wato na burauza. Netscape ta fito a 1994 ta mamaye kasuwa. Microsoft ya saki Internet Explorer a 1995, ya riƙa haɗa ta da Windows kyauta, har gwamnatin Amurka ta maka shi a kotu a 1998 bisa zargin danne abokan hamayya. Netscape ta durƙushe, daga tushenta Firefox ta tsiro a 2004, Chrome ta Google ta biyo baya a 2008. Ita kanta Internet Explorer da ta ci wancan yaƙi, a watan Yunin 2022 masu ita suka yi mata ritaya.

Mutum zai ce faɗan da babu ruwanka daɗin kallo gare shi. To amma faɗan ya taɓa shigowa har cikin gida. A 2007 wani kamfanin Faransa mai suna Mandriva ya samu cinikin ɗora Linux a kan ƙananan kwamfutocin 'yan makaranta guda 17,000 da za a raba a Najeriya. Kafin a gama murna sai labari ya fito cewa za a goge Linux ɗin a ɗora Windows. Shugaban kamfanin, François Bancilhon, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa mai zafi ga shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, masu musun manhaja na duniya kuwa suka yi ta kai-kawo da sunan ƙasarmu. A wannan shekarar dai wani kamfani mai suna Lancor ya kai shirin nan na bai wa kowane yaro kwamfuta, wato OLPC, ƙara a kotun tarayya da ke Legas, yana zargin an kwaikwayi madannansa mai suna Konyin, wanda aka ƙera domin rubuta haruffan harsunan Najeriya. Ku lura da wannan shari'a ta biyu, domin ita ce ta fi kusa da matsalarmu. Shi kuwa Mandriva, kamfanin ya rushe a 2015.

Mu da muka tashi bayan shigowar wayar salula a 2001, yawancinmu ba ta kwamfuta muka fara shiga intanet ba. Yayyenmu sun yi zamanin kafe, ana sayen awa ɗaya, rabinta ta tafi wajen jiran shafi ya buɗe. Mu a ƙananan wayoyin Nokia muka buɗe ido, kuma namu musun shi ne Opera Mini ko UC Browser. Opera Mini 'yar ƙasar Norwe ce. Dabararta ita ce shafin da ka nema ba ya zuwa wayarka kai tsaye, sai ya biya ta manyan kwamfutocin kamfanin an matse shi ya ƙanƙance, shi ya sa data kaɗan take ci. Masu UC, wadda ta fito daga Sin, su kuma suna tutiya da cewa idan kana sauke abu sabis ya ɗauke, za ta ci gaba daga inda ta tsaya. An ɓata dare da yawa a 2go kan wannan magana. Daga baya aka koma BlackBerry da Android, mai BlackBerry yana tambayar lambar PIN ɗinka don ya nuna maka ba ajinku ɗaya ba. Yau ina suke? Nokia ta juya wa manhajarta Symbian baya a 2011. An rufe BBM a 2019, tsofaffin wayoyin BlackBerry kuma aka yanke musu hidima a farkon 2022. Duk wanda ya bar labarinsa a cikinsu bai kwashe ba, sai dai ya ba da labarin labarin.

A duk tsawon wannan musu, tambayoyin da muke yi su ne wacce ta fi sauri, wacce ba ta sanƙarewa, wacce bairos ba ya kamawa, wacce ba ta shan caji. Tambayar da ta fi shafar marubucin Hausa ba kasafai ake yin ta ba: shin za ta rubuta ɓ da ɗ da ƙ, kuma idan na tura wa wani zai gan su yadda na rubuta?

Ita ƙugiya tana da nata tarihin. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nassarawa a 1909, ya kuma fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da haruffan boko a 1912. Haruffan Turawa ba su da sautukan nan namu, don haka aka yi ta lalube, wani ya sa ɗigo a ƙarƙashin harafi, wani ya sa alama a gefensa. A shekarun 1930, zamanin da Rupert East ke jagorancin hukumar talifi a Zariya, aka tsaya a kan haruffa masu ƙugiya, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a watan Janairun 1939 kuma ta taimaka ƙwarai wajen sabar da idon mai karatu da su. Sai dai mafi yawan tafiretocin da ke ofisoshi da shagunan buga takardu na Turanci ne. Manyanmu sun ba mu labarin yadda ake gama buga shafi a ɗauki biro a bi shi layi-layi ana lanƙwasa kan harafi. Wanda ya gaji ya bar shi haka, shi ya sa za ku ga tsofaffin littattafan kasuwa da yawa babu ƙugiya ko ɗaya.

Kada wani ya ce ai mai karatu zai gane. Mu da ke zaune daura da gidan Sarki mun san bambancin "Malam ya tafi fada" da "Malam ya tafi faɗa". Haka kafa da ƙafa, kare da ƙare, gada da gaɗa, daidai da ɗaiɗai. Bahaushen da ya iya harshensa zai laluba ya gane daga yanayin zance, amma yaron da ke koyon karatu fa, ko baƙon da ke koyon harshen?

Da kwamfuta ta shigo, ita ma ba ta zo da haruffanmu ba. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro zubin haruffa, abin da masu buga takardu ke kira font, guda biyu masu suna Rabi'at da Abdalla, waɗanda suka ba mu damar buga ƙugiya a kwamfuta. Wannan gagarumin aiki ne, da shi aka buga littattafai da mujallu da kundayen digiri masu ɗimbin yawa. Dabarar da irin waɗannan zubi ke bi ita ce a ari maɓallin da Hausa ba ta amfani da shi. A wasu, idan ka danna q sai ƙ ta bayyana, x ta ba ka ɗ, v ta ba ka ɓ. A wasu kuma alamomin baka aka ara, shi ya sa har yau za ku ci karo da tsofaffin rubuce-rubuce a intanet an rubuta "}asa". Abin lura shi ne, a cikin cikinta kwamfutar q ta ajiye, riga kawai aka sa mata ta fito da kamar ƙ. Idan fayil ya je inda babu wannan riga, sai q ta fito a yadda take. Abin da ya sami littafin dattijonmu ke nan. Kayan aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara.

Maganin dindindin shi ne tsarin Unicode, yarjejeniyar da ta bai wa kowane harafi na kowane harshe lambarsa ta kansa. Tun farkon shekarun 1990 haruffanmu ke cikinta, har da ƴ da 'yan uwanmu na Nijar ke amfani da ita a inda mu muke rubuta 'y. Jinkirin daga masu ƙera kaya ne. An daɗe kafin Windows ta zo da madannan Hausa, wayoyinmu na farko kuma idan aka turo ƙugiya sai su nuna ɗan akwati fanko. A wannan zamani ne da yawanmu suka saba da rubuta k' da d', ko q a madadin ƙ, ko a watsar da ƙugiyar gaba ɗaya. Yanzu uzurin ya ƙare. Madannai irin su Gboard suna da Hausa, haruffan kuma suna fita daidai a Android da iPhone da Windows da Linux. Ciwon ya warke, ɗingishin ne ya zame mana ɗabi'a.

Akwai kuma ɓangare na biyu na maganar dogaro, wato wurin ajiya. A farkon shekarun 2000 marubuta da manazarta da 'yan fim sun yi muhawarori masu nauyi a zaurukan Yahoo irin su Marubuta da Finafinan Hausa. A ƙarshen 2019 Yahoo ya share abubuwan da aka ajiye a zaurukansa, a Disambar 2020 ya rufe su baki ɗaya. Abin da ya tsira shi ne wanda wani ya yi hangen nesa ya kwashe. OkadaBooks, inda marubutan onlayin da dama suka sa littattafansu a kasuwa, ta rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. Shi kansa wannan zaure da muke ciki, haya muke yi, ba mu da takardar fili.

Yanzu mu dawo unguwa. Kabara ta samo sunanta daga Malam Umaru Kabara, malamin da zuriyarsa ke danganta asalinsa da Kabara ta bakin kogin Kwara kusa da Tumbuktu, wanda ya zauna a Kano sama da shekara 200 da suka wuce. A gidan Shehu Nasiru Kabara, ɗaya daga cikin zuriyarsa, wanda ya rasu a 1996, da sauran gidajen malamai na cikin birni, akwai littattafan hannu na Larabci da ajami da suka girmi kakanninmu, kuma duk wanda ya yi karatun zai buɗe ya karanta yau ba tare da ya nemi wata riga ba. Ba muna cewa takarda ba ta lalacewa ba ne. Gara na ci, damina na jiƙawa, gobara na lashewa. Abin da ya raya waɗannan littattafai shi ne al'adar kwafa. Ɗalibi ya karanta littafi wurin malaminsa, ya kwafe nasa da hannu, ya tafi da shi Zariya ko Katsina ko Damagaram, can ma wani ya kwafa. Idan ɗaya ya salwanta, akwai goma a wasu garuruwan, kuma duka da rubutun da kowane almajiri ya sani aka yi su. Sharuɗɗa biyu ke nan: harafin da kowa ya yarda da shi, da kwafi a hannu da yawa.

Waɗannan sharuɗɗa ne muke ba kanmu shawara mu riƙe. Mu sa madannan Hausa a wayoyinmu, mu rubuta ƙugiya ta ainihi tun daga shafin farko, domin gyaran littafi mai shafi 300 daga baya azaba ce. Kada mu bar labari a cikin WhatsApp kaɗai, ko a manhajar rubutu guda ɗaya. Mu ajiye shi a wuri uku: a waya ko kwamfuta, a imel ko ma'ajiyar intanet, da kuma filashi ko memori da ke cikin durowa. Mu riƙa ajiye kwafi ɗaya a matsayin tsuran rubutu marar ado, wanda kowace manhaja ke iya buɗewa. Idan littafi ya kammala, mu buga shi a takarda ko da kwafi biyu ne, mu ba wani amintacce ɗaya.

Littafin dattijonmu dai ya tsira. Mun yi amfani da umarnin nema da sauyawa, muka mayar da kowace q ta zama ƙ, x ta zama ɗ, v ta zama ɓ, manya daban ƙanana daban. Sai da muka bi shi shafi-shafi bayan haka, domin akwai 'yan kalmomin Turanci a bakin wani tauraron labarin da su ma suka samu ƙugiyar da ba su nema ba. Kwana huɗu muka yi. Da muka kai masa bugaggen kwafi, ya juya shafukan a hankali, ya ce: "To, a cikin wayoyin naku wacce ta yi aikin?" Muka ce: "Baba, duk sun yi." Ya ce: "Ashe dai ku ne ba ku yi ba tun farko."

Wanda ke da tsohon fayil irin wannan, ko ya san wani dattijo da ke da shi a fulofi ko faifai, ya yi magana a ƙasa, mu ga yadda za a ceto shi tun na'urar da za ta karanta shi ba ta ɓace daga kasuwa ba. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.