Waswasi da Hoton Ƙwaƙwalwa

Mai cutar waswasi ya san hannunsa fes yake, amma sai ya koma bakin famfo ya sake wankewa har fata ta tsattsage. Wani kuma alwala ce ke kai shi ga haka, ya yi ya sake, ya yi ya sake, har a idar da salla bai shiga sahu ba. A 1966 Victor Meyer, masanin halayyar ɗan Adam a Landan, ya gwada wata hanya mai wuyar jurewa: a kusantar da majiyyaci ga abin da yake ƙyanƙyami, sannan a hana shi wankin da ya saba fakewa da shi, har fargabar ta lafa da kanta. Hanyar ta yi aiki, sai dai an daɗe ana yi mata kallon horon ɗabi'a kawai, wai ƙwaya ce ke taɓa ƙwaƙwalwa.

Binciken Lewis Baxter da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya ta Los Angeles, wanda aka buga a 1992, ya rushe wannan zato. Sun ɗauki hoton PET, mai auna yawan sukarin da kowane sashen ƙwaƙwalwa ke ƙonawa, kafin jinya da kuma bayan mako 10. Majiyyata tara sun sha ƙwayar fuloksetin, tara an yi musu horon ɗabi'a. Waɗanda suka samu sauƙi a ɓangarorin biyu, aikin curin jijiyoyin da ake kira kaudet ya ragu a gefen dama. Wannan curi yana cikin zagayen da ya haɗa talamus da sashen da ke saman kwarmin ido, zagayen da ke zafafa a wajen mai waswasi. Jeffrey Schwartz ya sake samun irin wannan sakamako a 1996. Ashe jure wa ƙaiƙayin wanke hannu ma yana barin sawunsa a ƙwaƙwalwa.

Masu suka na cewa mutum tara ba su isa a kafa hujja da su ba, kuma raguwar tana iya zama alamar sauƙin da aka samu, ba sanadinsa ba. Suka ta biyun gaskiya ce, amma ba ta taɓa batun: ko sanadi ne ko alama, horo da ƙwaya wuri ɗaya suka motsa. Inda nake ganin an yi azarɓaɓi shi ne amfani da hoton wajen hasashen maganin da zai dace da majiyyaci. A 1998 Arthur Brody ya ruwaito cewa yawan aikin sashen saman ido na hagu kafin jinya yana tafiya da amfana da horo, ƙarancinsa kuma da amfana da fuloksetin. Wannan matsakaicin sakamakon rukuni ne, kuma bai isa ya zaɓa wa mutum ɗaya magani ba. Har yau likita da tambayoyin ma'aunin Yale-Brown yake auna cutar, cikinsu har da yawan awannin da wankin ke cinye wa majiyyaci a rana.