Yadda ake ɗauka da gyara hoton itatuwa a lokacin hunturu

Daga watan Disamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu tana sauya kamannin karkara. Kuka ta zubar da ganye, rassanta tsirara; gawo kuwa, wanda ya yi damina ba ganye, yanzu ne yake kore shar. Wannan saɓanin ne ya sa masu ɗaukar hoto ke son lokacin, musamman a Mirya mai yawan kukoki, da gonakin Matameye da Magarya inda gawo ya cika.

Haske

Lokaci mafi kyau shi ne sa'a guda bayan fitowar rana, ko sa'a guda kafin faɗuwarta. Da tsakar rana sama fari take fat, hoto ya fito ba armashi. Hazo ba abin gudu ba ne: yana sa iccen kusa ya fito da duhu, na nesa su dusashe, sai hoto ya yi zurfi. Sai dai farin hazo yana ruɗin kamara kamar yadda ƙanƙara ke yi a Turai, ta rage haske har hoton ya yi toka-toka. Maganinsa a ƙara haske kaɗan kafin a latsa. In kuwa siffar rassa kawai ake so, a sa rana bayan iccen, a taɓa sama a kan allon salula. Iccen zai fito baƙi wuluk.

Tsari

A zaɓi icce guda ya zama uban hoto. A kunna layukan da ke raba allo gida 9, a ajiye gindinsa kan layin dama ko na hagu maimakon tsakiya. A durƙusa, don rassa su faɗa kan sama, kada su cakuɗe da ƙasa. Rumbu, amalanken shanu ko mai kiwo a gefe suna nuna girman kuka. Amma a nemi izinin mutum tukuna, kuma a nisanci wuraren soja.

Gyara

Snapseed da Lightroom duk suna aiki a salula. A fara da miƙe layin da sama ta haɗu da ƙasa, a yanke abin da ya yi yawa a gefe. Sannan a rage hasken sama, a ɗan buɗe inuwa har ɓawon icce ya bayyana. Kada a cika launi, kada kuma a share hazo duka: in ya tafi, hunturu ya tafi. Hoton da launinsa ya mutu yakan farfaɗo in an mai da shi baƙi da fari. A ajiye na asali kullum. Ƙura kuwa a hure ta daga gilashin kamara kafin a goge, don tana karce shi.

Gyara yana da iyaka, domin hoto shaida ne. Iccen Tenere, da ya yi zaman kaɗaici a tsakiyar hamada, mota ta kaɓe shi a 1973; busasshen jikinsa yana gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, tsayuwarsa kuwa sai a hotuna. Don haka a rubuta sunan gari da kwanan wata a kan kowane hoto. Iccen da aka ɗauka bana, ba lalle ba ne a tarar da shi baɗi.