Yadda masana ke zana taswirar ƙaurar malam-buɗe-littafin Monak domin kare shi

Daga ƙarshen watan Agusta na kowace shekara, miliyoyin malam-buɗe-littafi nau'in Monak, wanda masana ke kira Danaus plexippus, kan tashi daga kudancin Kanada da arewacin Amurka su nufi kudu. Wasunsu kan yi tafiyar da ta kai kilomita 4,000 kafin su sauka a dazukan itacen oyamel da ke kan duwatsun tsakiyar ƙasar Meksiko, masu tsayin kimanin mita 3,000, inda suke shafe lokacin hunturu. Waɗanda ke yammacin Amurka kuwa gaɓar tekun Kalifoniya suke nufa.

Masana ba su san wannan masauki na Meksiko ba sai a 1975, bayan Farfesa Fred Urquhart na Jami'ar Toronto da matarsa Norah sun shafe shekaru suna manna wa ƙwarin 'yan takardun shaida a fuka-fuki domin bin sawunsu. A 2008 hukumar UNESCO ta sanya gandun da ke kare wurin cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

Ana auna yawan ƙwarin ne da faɗin dajin da suka rufe a lokacin hunturu. A hunturun 1996 zuwa 1997 sun rufe hekta 18.19, amma a na 2013 zuwa 2014 abin ya faɗi zuwa hekta 0.67. A hunturun 2024 zuwa 2025 an samu hekta 1.79, alhali burin masu aikin kariya shi ne a kai hekta shida.

Abin da ke sa kare wannan halitta ya yi wuya shi ne babu ƙwaro ɗaya da ke kammala zuwa da komawa. Waɗanda suka bar Meksiko a watan Maris kan yi ƙwai a Texas da maƙwabtanta su mutu, 'ya'yansu su ci gaba zuwa arewa, haka har zuri'a uku ko huɗu. Zuri'ar ƙarshe, wadda kan rayu har wata takwas, ita ke komawa kudu. Bugu da ƙari, tsutsar Monak ba ta cin komai sai ganyen shukar Asclepias da danginta, wato 'yan'uwan tumfafiyar da aka sani a ƙasar Hausa. Idan shukar ta ɓace a zango ɗaya, duk tafiyar ta samu cikas. Tunda hanyar ta ratsa ƙasashe uku kuma kuɗin kariya ba su da yawa, wajibi ne a san inda ya fi cancanta a kashe su.

A nan ne taswirar hasashe ke shigowa. Masu bincike kan tattara dubban bayanai na wurare da ranakun da aka ga ƙwaron, ko ƙwansa, ko tsutsarsa, yawanci daga 'yan sa-kai na shirye-shirye irin su Journey North da Monarch Watch na Jami'ar Kansas. Daga nan sai a haɗa su da bayanan zafi, da ruwan sama, da tsayin ƙasa, da hotunan tauraron ɗan'adam masu nuna gonaki da dazuka. Manhajar kwamfuta, kamar MaxEnt, kan gano yanayin da ƙwaron ya fi so, sannan ta nuna sauran wuraren da ke da irin wannan yanayi ko da ba a taɓa zuwa dubawa ba. Da yake ƙwaron ba ya zama wuri guda, akan zana taswira daban ga kowane wata ko kowace zuri'a.

Akwai kuma hanyar gwajin sinadarai. Nau'in haidirojin da ke cikin ruwan sama ya bambanta daga yanki zuwa yanki, kuma yakan shiga ganyen da tsutsa ta ci, ya zauna a fuka-fukin ƙwaron. Da wannan ne Leonard Wassenaar da Keith Hobson suka nuna a 1998 cewa kusan rabin ƙwarin da suka gwada a Meksiko an ƙyanƙyashe su ne a yankin noman masara da waken soya na tsakiyar Amurka. A wannan yanki ne yawaitar fesa maganin kashe ciyawa na gilaifoset ya kawar da Asclepias daga gonaki, shi ya sa aka mayar da hankali wajen sake dasa ta a gefen tituna da filayen da ba a nomawa.

Taswirar na kuma hango gaba. A 2003 Karen Oberhauser da Townsend Peterson sun yi hasashen cewa sauyin yanayi zai iya ƙara ruwan sama a masaukin hunturu, kuma haɗuwar jiƙa da tsananin sanyi na kashe ƙwarin, kamar yadda guguwar watan Janairun 2002 ta hallaka miliyoyi. Wasu masanan Meksiko, ƙarƙashin Cuauhtémoc Sáenz-Romero, sun gano cewa yanayin da oyamel ke buƙata zai riƙa haurawa saman duwatsu, don haka suka fara gwada dasa itacen a wurare mafi tsayi a dutsen Nevado de Toluca.

Sai dai ingancin taswira na tafiya ne da ingancin bayanan da aka gina ta a kai. Rahotannin 'yan sa-kai sun fi fitowa daga kusa da birane da manyan hanyoyi, don haka yankunan karkara da arewacin Meksiko kan bayyana kamar ƙwaron bai cika bi ta cikinsu ba. Saboda haka masana kan tace bayanan, su kuma tura ma'aikata su tabbatar da abin da kwamfuta ta nuna.

A 2022 ƙungiyar IUCN ta sanya Monak mai ƙaura cikin halittun da ke fuskantar ƙarewa, kafin ta sassauta matakin a 2023 bayan sake duba alƙaluma. A watan Disambar 2024 kuma hukumar kula da kifaye da namun daji ta Amurka ta gabatar da shawarar ba shi kariyar doka.