Ƙaro da Tarihin Siririyar Yanar Folima a Ƙasar Hausa

Folima sinadari ne mai dogayen ƙwayoyi da suka sarƙu kamar sarƙa. Hermann Staudinger na Jamus ne ya kafa wannan bayani a 1920. In aka narkar da folima aka shafa a kan wani abu, ruwan ya ƙafe, sai ta bar siririyar fata mai sheƙi. Injiniyoyin sinadarai na amfani da wannan fata wajen lulluɓe ƙwayar magani da haɗa batir. Galibin littattafai kan fara tarihinta daga aikin Irving Langmuir da Katharine Blodgett a Amurka cikin shekarun 1930. A ƙasar Hausa kuwa, da ƙaro ya kamata a fara.

Ƙaro folima ce da itace ke fitarwa: sarƙoƙin sukari ne da ɗan furotin, kusan kashi 2 cikin 100. A kasuwar Najeriya aji uku ne. Na ɗakwara shi ne lamba ɗaya, na dumshe lamba biyu, sai gaurayen na su taramniya a lamba uku. Da kaka ta wuce, ganye ya fara zuba, ake ɗaye ɓawon reshe. Bayan mako huɗu zuwa shida a dawo a tsince dunƙulen da ya daskare.

Makarantar allo ce ta fi daɗewa da sanin halinsa. Almajiri kan daka gawayi, ya jiƙa ƙaro, ya haɗa, ya tace, ya sami tawada. Ƙaron ne ke hana garin gawayi kwantawa a gindin kurtu, shi ne kuma ke manne baƙin a jikin allo idan ya bushe. Da ruwa ya taɓa shi sai ya saki, shi ya sa ake iya wanke allo a sake rubutu. In ya yi yawa, rubutu ya yi ƙyalli ya dinga ɓamɓarewa. In ya yi kaɗan, ya goge a hannun riga. Masu wankin hula ma da shi suke sa hula ta tsaya ƙyam a kan gungume. Matsalar ɓamɓarewar nan ita ce dai masu bincike ke fama da ita yau, suna ƙara gilisarin don yanar ta yi laushi.

Wannan manne-da-saki ne ya kai ƙaro masana'antar magani. An daɗe ana sa shi cikin rufin sukari na ƙwayoyi, kafin kamfanin Abbott ya fito da siririn rufin folima a 1954, wanda ya rage kauri da lokacin aiki. Har yanzu ana sa ƙaro a magani da lemon kwalba, da lambar E414.

Ta fuskar ciniki kuwa, jirgin ƙasa ya isa Kaura Namoda daga Zariya ta Gusau. Wasu na rubuta 1927, amma 1929 ce aka fi yarda da ita. Gyaɗa da auduga aka shimfiɗa wa layin, cinikin ƙaro kuwa ya fi bunƙasa a Nguru, inda dogo ya kai a 1930. Na dazukan Zurmi da Shinkafi ya fi ƙarewa a hannun malamai da masu hula da ƙananan dillalai. Ko tashar binciken ƙaro ta gwamnatin tarayya, a Gashuwa take, ƙarƙashin cibiyar binciken roba da ke kusa da Benin. 

Ɓangaren makamashi sabo ne. A 1977 Shirakawa da MacDiarmid da Heeger suka nuna folima na iya ɗaukar lantarki, suka sami kyautar Nobel a 2000. Ƙaro ba ya cikin wannan jinsi; aikinsa ɗauri ne. A shekarun 2000 S. A. Umoren da abokan aikinsa a Jami'ar Uyo sun nuna yana rage zaizayewar alminiyam, daga baya aka gwada shi a ƙasashen waje wajen riƙe garin silikon a batirin litiyam.

Yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya girgiza kasuwar ƙaro, domin Sudan ce kan gaba a duniya wajen fitar da shi. Ya tarar da dazukan arewacin Zamfara a hannun 'yan bindiga.