Yadda Famfo Ya Isa Ƙauyukan Amurka

A shekarun 1930, yawancin gidajen manoman Amurka ba su san famfo ba. Ruwa sai an ɗebo a bokiti, masai kuma yana can bayan gida. Fari ne ya tayar da gwamnati. A 1937 aka yi dokar bai wa manoman jihohi 17 na yamma rancen haƙa rijiya da tafki, sai a 1954 ta game ƙasar.

Ni dai abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne na yankin Roanoke, jihar Bajiniya, a 1969. Talakawan karkara da masu taimaka musu suka kafa ƙungiyar da ba ta neman riba, don ruwa ya shiga gidajensu. Daga nan ƙungiyar RCAP, mai taimaka wa ƙauyuka kan harkar ruwa, ta tsiro.

Dokar noma ta 2002 ta bai wa irin waɗannan ƙungiyoyi jarin da suke juyawa kamar adashi. Garin da bai wuce mutum 10,000 ba, sai ya ranta, ya sallami injiniyan da ya zana aikin, ko ya sauya injin da ya ƙone, ya biya cikin shekara 10, wani gari ya karɓa. Ƙaramin rance irin wannan, banki ko kallonsa ba ya yi. Magidanci mai ƙaramin ƙarfi kuwa yana samun rancen rijiya, kuɗin ruwa kashi 1 cikin 100.