Dokar Aiki ta 1952 da Matsalar Ɗaukar Ma'aikata a Nijar

Wannan takarda za ta duba tambaya guda: shin dokokin aiki suna sauƙaƙa ɗaukar ma'aikata ne, ko nauyi suke ɗora wa masu ɗauka? Tarihin dokar 1952 yana da abin faɗi a kan haka.

Kafin 1946, mulkin mallaka bai cika damuwa da yardar ma'aikaci ba. Kumandan ne ke neman mutane wurin sarakuna domin aikin hanya da dako. Dokar Houphouët-Boigny ta 11 ga Afrilu 1946 ita ce ta soke aikin tilas, daga nan ya zama dole a nemi lebura da lada.

Bayan yajin aikin 3 ga Nuwamba 1952 a Afirka ta Yamma ta Faransa, majalisar Faransa ta amince da kundin dokokin aiki na ƙasashen ƙetare, wanda ya zama doka ranar 15 ga Disamba 1952. Kundin ya ƙayyade awa 40 a mako, awa 2,400 a shekara ga aikin gona, da hutu mai biya. A 1956 aka soma biyan kuɗin iyali. Kamfanonin Turawa sun yi kukan cewa ma'aikaci zai yi tsada. Ƙungiyoyin ƙwadago, irin wanda Djibo Bakary ya jagoranta a Nijar, sun matsa a aiwatar da dokar.

Kowane ɓangare yana da tasa gaskiya. Wanda ya shiga rajista ya sami kariya. Sai dai dokar ta tsaya ga mai albashi, alhali yawancin jama'a manoma ne da makiyaya. Ƴan dakon gyaɗa a Maraɗi da Damagaram da yaran shago ana ɗaukarsu ne ta hanyar maigida da sanayya, ba takarda, ba ganawar tantancewa.

Kundin Nijar na 1962 ya gaji wannan tsari. Na 1996, a zamanin gyaran tattalin arziki, ya zo tare da hukumar samar da aikin yi, wato ANPE, sannan na 2012 ya maye gurbinsa.

A ganinmu, tsadar doka ba ita ce babbar matsala ba. Matsalar ita ce iyakar da aka shata tun 1952 tsakanin wanda doka ta sani da wanda ba ta sani ba. Duk nazarin da ya ƙirga masu albashi kaɗai, ya bar mafi yawan ma'aikatan Nijar a waje.